Tumatirina sai ya yi fure ya zubar: in tuge ko in jira?

Maman_Hanan_Makka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu shuka a gida ku ba ni shawara. Ina da tumatir a saman benenmu, cikin bokitan fenti da na huda gindinsu. Bayan ƙaramar salla na dasa shi, ya tashi kore shar, har ya kawo min ƙugu. To tun da zafin nan ya kankama, sai ya yi fure, wuyan furen ya yi ruwan ɗorawa, ya faɗo. 'Yan waɗanda suka riga suka ɗaura kuma sun ƙi yin ja, wasu gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Ruwa kam ba na fashi, safe da yamma. Baban Hanan ya ce in tuge in huta, wai asarar ruwa nake yi. Akwai magani, ko in bi maganarsa?

Hajiya_ta_Mansur:
Wa alaikumus salam. 'Yata, tumatir a Yuli a garin Makka? Mu da muke da ƙafa muna gudu inuwa ma ya muka ƙare, balle shi da aka dasa a saman siminti. Bi maganar mijinki.

Ɗan_Kadawa_Madina:
Maman Hanan, ba cuta ba ce kuma ba rashin taki ba ne, zafi ne kawai. Ni a noman tumatir na tashi, yanzu ma aikin gona nake yi a wajen Madina. Da zarar zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai sauko ƙasa da 24 ko 25 ba, garin da ke cikin furen yakan lalace, ba ya iya ɗaura ɗa. Sai uwar ta saki furen. To ke kuma kina garin da rana ke wuce 43 a wannan watan, dare yana kusan 30. Ko kin zuba masa takin duniya ganye kawai zai ƙara.

Rashin jan ma zafin ne. In ya yi yawa tumatir ba ya nuna ja, sai dai ya yi wani ruwan lemo ya tsaya a haka. Baƙin gindin kuwa daga ban-ruwa yake: ƙasar bokiti ta bushe ƙamas da azahar, da yamma ta jiƙe sharkaf, gobe ma haka. Wannan hawa da saukar yana hana sinadarin kalsiyam isa ƙarshen ɗan, sai wurin ya mutu.

Abin da ke ruɗa mutanenmu shi ne lissafin gida da muke tafe da shi a ka. Yuni da Yuli a wajenmu damina ce, lokacin shuka, to sai hannu ya riƙa ƙaiƙayi. Nan kuwa su ne tsakiyar wuta. Ku tuna ko a gida ai tumatir ɗan rani ne, da hunturu yake yin kyau a Kadawa da Kura, da damina kuwa tsada yake yi.

Abu_Sadiq_Jidda:
Malam Ɗan Kadawa ya gama magana. Sai dai ni ban goyi bayan tugewa ba. In uwar tana da lafiya, a rage mata tsawo, a yi mata inuwa, a ci gaba da ba ta ruwa daidai gwargwado. In ta kai ƙarshen Satumba da rai za ta yi sabon toho, ta riga wanda za a dasa sabo yin 'ya'ya. Na gani da idona a gidan maƙwabcina.

Ɗan_Kadawa_Madina:
Abu Sadiq, ka gani a Jidda, kuma wataƙila a tsakar gida mai inuwa. Ita a saman bene take a Makka. Kafin Satumba jan gizo-gizon nan ya gama da ganyen, ta shiga sabon lokaci da tsohuwar cuta. Gara sabon dashe mai tsabta.

Maman_Hanan_Makka:
Wane ne kuma jan gizo-gizo? Don na ga ganyen ƙasa yana yin ɗigo-ɗigon fari, kamar an yayyafa masa gari.

Ɗan_Kadawa_Madina:
To ai shi ne. Juya bayan ganyen ki duba da kyau, za ki ga 'yan mitsi-mitsin abubuwa suna motsi, da wata siririyar yana tsakanin ganye da kara. In idonki bai gani ba, ki kaɗa ganyen a kan farar takarda. Zafi da ƙura da bushewar iska su ne abincinsa. Ki riƙa wanke bayan ganyen da ruwa bayan magariba. Kada wani a mashtal, wato wurin sayar da dashe, ya sayar miki da garin kibrit (farar wuta) a wannan zafin, ƙone ganyen zai yi.

Takari_Zalla:
Ni fa abin nan yana ba ni mamaki. Ka sayi ƙasa, ka sayi bitmos ɗin da ake gaurayawa da ƙasa, ka sayi ragar inuwa, ka hau bene ka sauko kullum, a kan tumatirin da za ka je halagar Ka'akiyya, kasuwar gwari ta Makka, ka ɗauko kwali guda da 'yan riyaloli. Wa ya aike ku?

Hajiya_ta_Mansur:
Kai yaro, halagar tana sayar da yakuwa ɗanya? Tana sayar da zogalen da aka tsinko yanzu? Je ka tambayo ka dawo.

Takari_Zalla:
Hajiya ai ni tumatir na ce. A yi min afuwa.

Bint_MaiWurno:
Salamu alaikum. Ni a Riyad nake, amma a Mai Wurno aka haife ni, gefen Sinnar. Maman Hanan, ki bar tumatir ya huta, ki shuka abin da ke son zafin. Kuɓewa ta fi kowa. Ki jiƙa irin ya kwana a ruwa, da safe ki binne biyu-biyu a bokiti, zurfin gaɓar yatsa. A wannan ɗumin ba ta cika mako ba ta fito. In sun tsiro ki cire raunanar ki bar ɗaya. Cikin wata biyu kina ɗiba.

Abin lura shi ne ɗibar. Furen kuɓewa yini guda yake yi, ya buɗe da safe, kafin yamma ya yi yaushi. Daga nan kwana huɗu ko biyar ɗan ya isa tsinka. In kika ce bari ya ƙara girma, ya zama itace, wuƙa ma ƙara take yi a jikinsa. Kuma in kika bar 'ya'ya suka tsufa a jikin uwar, rage haihuwa take yi. Don haka yau ki ɗiba, gobe ki huta, jibi ki koma. Gwajin da kakata ke yi: ta karya ɗan tsinin da yatsa, in ya ce ƙas ya karye, ta miya ce, in ya lanƙwashe, ta bar shi na iri. Ki sa safar hannu ko ki ɗaura leda, ƙaiƙayinta da gumi ba daɗi.

A can Sudan mata suna da ɗan lambun bayan gida da ake ce wa jubraka, amma shi da damina ake yin sa, ruwan sama ne ke ɗauke da shi. A nan mu ne ruwan saman.

Ummu_Aisha_Nas:
Bint Mai Wurno, ki ƙara da lalo. Ni shi ya fi min sauƙi. Na yayyafa a kwalin felin, farin kwalin soso ɗin nan da ake zubo kayan gwari a ciki, wata ɗaya da 'yan kwanaki na fara yanka. In kin yanka ki bar kamar taƙi guda daga ƙasa, zai sake tohowa. Larabawa ma ai a bazara suke cin mulukiyyarsu.

Abu_Sadiq_Jidda:
Kwalin felin ɗin nan dabara ce babba, kowa ya riƙe ta. Baƙar roba a saman bene da azahar, ka taɓa ta ka ji, saiwar da ke jingine da ita dahuwa take yi. Felin fari ne kuma ba ya ɗaukar zafi. In bokiti ne da ke, Maman Hanan, ki naɗe shi da buhu ko kwali, ki ɗora shi a kan katako don kada gindinsa ya zauna a kan simintin. Sannan ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawar barsim ko yagaggen kwali.

Tun da sana'ata gyaran mukayyif ce, wato na'urar sanyaya ɗaki, bari in faɗi wani abu da mutane ke zubarwa a banza. Ruwan da ke ɗiga daga bayan mukayyif danshin iska ne, kusan babu gishiri a cikinsa. Mu nan Jidda, a Agusta da Satumba da iska ke jiƙe, mukayyif ɗaya yana cika jarka a yini. Ki sa tiyo ya zuba a jarka, kin sami ruwan ban-ruwa kyauta. Amma fa ba shi da abinci ko kaɗan, dole ƙasar ta kasance da taki.

Bint_MaiWurno:
Ku ne da danshi. Mu a Riyad ɗigon da ke fitowa ko kyanwa ba zai ƙosar ba.

Ummu_Aisha_Nas:
Abu Sadiq, shawarar ta yi, amma a ƙara da cewa jarkar ta zama a rufe. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a ruwa mai tsabta yake ƙwai, irin na jarka da farantin da ake sa wa ƙarƙashin tukunyar shuka. Cutar nan tana Jidda tun 1994, Makka ma ana samunta, kuma muna ganin masu ita a wurin aiki. Mako guda ya ishi ƙwan ya zama sauro a wannan ɗumin. Duk ruwan da ya taru a faranti a zubar, kada a ce ai na shuka ne.

Maman_Hanan_Makka:
Allah ya saka da alheri. To batun lokacin ban-ruwa fa? Wata ta ce min in na ga sun yi yaushi da azahar in ƙara musu.

Hajiya_ta_Mansur:
Da wane ruwan? Na tankin sama? Wanda ko alwalar azahar ba ka iya yi da shi sai ka tara ya huce? Ki zuba musu wannan ai kin yi miya tun a bokiti.

Ɗan_Kadawa_Madina:
Hajiya ta faɗi gaskiya cikin raha. Yaushin azahar ba kullum ne ƙishirwa ba. Ganye yana sakin ruwa fiye da yadda saiwa ke iya jawowa, sai ya langaɓe, da la'asar sakaliya ya miƙe. Ki tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, ki ƙyale shi. In kin wayi gari kin same shi a langaɓe, wannan ne ƙishirwa ta gaske. Babban ban-ruwa bayan sallar asuba ne, ki zuba a hankali har ya ɓullo ta ƙasa. Na yamma ƙari ne, in ƙasar ta nema. In da tiyo kike yi, ki bar ruwan farko ya zube gefe har mai sanyi ya iso.

Mu a gona ma dokar ƙasa ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ke ma ki ɗauka dokar ta shafe ki, kada ki hau benen nan da tsakar rana saboda kuɓewa.

Wani abu kuma, in kin ga farin ɓawo yana taruwa a bakin bokitin ko saman ƙasa, gishiri ne. Ruwan famfo na Makka da Jidda yawanci na teku ne da aka tace a Shu'aiba, da sauƙi. Amma masu sayen ruwan rijiya na wayit, wato motar tanka, su kula, wani yana da gishiri sosai. Maganinsa lokaci-lokaci a yi wa bokitin ambaliya, ruwan ya wanke ya fita ta ƙasa.

Ɗalibi_a_Madina:
Malam, ruwan wanke-wanke fa? Mu ɗalibai muna da na'ana a taga.

Ɗan_Kadawa_Madina:
Na wankin shinkafa da na alwala, bismilla. Mai omo ko kloroks, a'a. Na'ana kuma ka kawar da ita daga ranar yamma, ta safe ta ishe ta. Kana Madina kana wahalar na'ana, garin da ake ɗaure ta dami-dami ana kai wa tsaraba?

Ɗalibi_a_Madina:
Ta taga ta fi albarka Malam, ba a cire riyal.

Direban_Ɗa'if:
Ina karanta ku ina dariya. Ku hau dutse ku ga ikon Allah. Mu nan Ɗa'if tumatirina yana nan jajir, ga tattasai, ga kabewa ta haye katanga. Tsakaninmu da Makka tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce ta hanyar Hada, amma mun ɗara ku tsawo da kusan mita 1,500, dare da sanyinsa. Yanzu ma lokacin inabi ne da barshumi, wato 'ya'yan kaktus mai ƙaya. Matsalarmu ɗaya, birai. Wanda ke gefen Hada ko Shafa ya san zancen. Wani abokin aikina sun shigar masa gida da hantsi, suka tsinke tumatirin tas, wanda bai nuna ba suka gatsa suka yar.

Maman_Hanan_Makka:
To mu tattabaru ne. Ina yayyafa alayyahu suka sauko suka tsince. Kuma ka san tattabarun Makka, ba dama ka taɓa su.

Abu_Sadiq_Jidda:
Ragar inuwar za ta yi miki aiki biyu ke nan. Ki nemi mai kashi 50 cikin 100, kada ki sayi mai duhu sosai irin ta rumfar mota, kuɓewa tana son haske. Ki ɗaga ta sama da shukar sosai don iska ta ratsa, ki saukar da gefe ɗaya ta ɓangaren yamma. Ki ɗaure da kyau, iskar da ke zuwa da ƙura tana iya kai ta gidan maƙwabta.

Ɗalibi_a_Madina:
Maganar tattabaru ta tuna min wata tambaya. Tun da an hana cire tsiron Harami, wanda ke cikin iyakar Haramin Makka ya halatta ya tuge tumatirinsa ko ya yanki lalo?

Ustaz_Misfala:
Tambaya mai kyau. Hanin da ya zo a hadisi a kan abin da ya tsiro da kansa ne, bishiya da ciyawa, aka togace ciyawar izhir bayan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya roƙa saboda amfanin da mutanen Makka ke yi da shi. Abin da ɗan Adam ya shuka da hannunsa na kayan lambu, babu laifi ya yanka ko ya tuge. Ciyawar da ta fito da kanta a cikin shuka kuwa, malamanmu na Malikiyya sun ambaci gyaran gona da lambu cikin abubuwan da aka yi rangwame a kansu. Don haka Maman Hanan, ta fuskar shari'a hannunki a sake yake. Tattabaru dai a kare shukar da raga, kada a cutar da su. Allah ne mafi sani.

Hajiya_ta_Mansur:
Allah ya ƙara ilimi Ustaz. Ni bari in ba ku labarin zogalena. A tsohon gidanmu mai tsakar gida, reshe kawai na kawo na soka a gindin wurin alwala, ban ƙara bi ta kansa ba. Ya zama bishiya har ya leƙa waje. Duk matan layin nan a wurina suke tsinka, mai jego a dafa mata, mai kwaɗo ta zo da ƙuli-ƙulinta. Da muka koma shigga, wato fulat a bene, sai na sa wani a rabin durom. Yana yi, amma dole ki riƙa sare kansa in ya kai ƙirji, in ba haka ba ya tafi sama siriri, ganye ɗan kaɗan a can ƙoli inda hannu ba ya kai. Kuma shi ruwa in ya yi masa yawa saiwar ruɓewa take yi. Zafin Makka kam ko a jikinsa.

Yakuwa ma haka. Duk bazarar nan ganye za ki yi ta tsinka kina fate da miyar taushe. Amma kada ki zauna jiran zoɓo yanzu, ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Oktoba.

Bint_MaiWurno:
Hajiya kin tuna min gida. Kuma zafin da muke kuka da shi yana da ranarsa wurin shanya. In kuɓewa ta yi miki yawa, ki yanka ƙanana ki baza a faranti, ki rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura. A Riyad kwana biyu ta bushe ƙarau, ki daka, kin sami wekarki ta shekara, wato garin busasshiyar kuɓewa. Lalo da zogale kuwa a inuwa ake shanya su, rana tana cinye korensu.

Abu_Sadiq_Jidda:
A Jidda in kika bar ta ta kwana a waje, raɓa ta mayar miki da aiki baya, har ta yi fumfuna. Mu sai an shigar da ita ɗaki da magariba.

Takari_Zalla:
To na ji, yakuwa da zogale kun ci gari. Amma mai gidan haya fa? Namu ya ga bokitai a sama ya ce ruwa zai ratsa rufin, a sauke. Kuma ban ga laifinsa ba, ƙasa jiƙaƙƙiya nauyi gare ta.

Abu_Sadiq_Jidda:
Yana da gaskiya in ruwan yana kwanciya. Shi ya sa na ce a ɗora a kan katako, a jera su ta gefen katanga kusa da magudana, kada a tara su a tsakiyar rufin. In ya ga wurin a bushe, ka kuma miƙa masa ledar mulukiyya, zance ya canja.

Maman_Hanan_Makka:
Na duba bayan ganyen kamar yadda Malam ya ce, suna nan kuwa, har da wasu fararen ƙudaje ƙanana da ke tashi in na girgiza. Ganyen darbejiya yana maganinsu? Akwai bishiyar a bakin layinmu.

Ɗan_Kadawa_Madina:
Yana rage su, ba ya ƙarar da su. Ki daka ganyen, in kin sami 'ya'yan ma sun fi ƙarfi, ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki ɗiga sabulun ruwa kaɗan, ki fesa bayan ganye da magariba, ki maimaita bayan 'yan kwanaki. Amma tun da farin ƙuda ya shiga, ina ƙara tsayawa a kan maganata. Shi ne ke ɗaukar cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir, kuma kuɓewa ma yana hawanta. Ki tuge, ki ƙulle a leda ki fitar, ki juye ƙasar ta sha rana, sannan ki sa kuɓewarki. Irin tumatir kuma ki yayyafa shi a inuwa bayan fitowar tauraruwar Suhail. Manoman nan suna lissafinta daga 24 ga Agusta, daga nan dare ke fara sassautawa, ko da yake ku a Makka sai kin ƙara haƙuri. Ki dasa a Oktoba, ki ci tumatir daga Disamba har bayan Maris.

Ustaz_Misfala:
In darbejiyar ta bakin titi ce da baladiyya ta dasa, a tsinci wanda ya zubo ko a nemi ta gidan wani, kada a je ana karya rassan hukuma.

Abu_Sadiq_Jidda:
Ni dai har yanzu ina cewa ta bar guda biyu mafi lafiya, ta ware su can gefe ƙarƙashin raga. Me za ta rasa? Ruwan mukayyif ne, ba saya take yi ba.

Ɗan_Kadawa_Madina:
Za ta rasa kuɓewar, in ƙudan ya tashi daga kansu ya koma can.

Direban_Ɗa'if:
Ko ta ba ni su in hau da su Ɗa'if, ranar Alhamis ina da lodi daga Ka'akiyya.

Hajiya_ta_Mansur:
Ka kai wa birai ke nan.

Maman_Hanan_Makka:
Kun sa ni dariya wallahi. Na jiƙa irin kuɓewa tun ɗazu, Baban Hanan kuma zai biya halaga ya samo min kwalayen felin. Tumatirin na tuge waɗanda ganyensu ya nannaɗe, saura uku ina kallonsu, ban yanke ba tukuna. Hajiya, in kina da irin yakuwa fara ki ajiye min, tawa ja ce. Sannan wa ya taɓa gwada rama a bokiti?

Ummu_Aisha_Nas:
Rama tana yi, amma bokitin ya zama mai zurfi. Ni tawa irin daga Kano aka kawo min, rabinsa bai tsiro ba, ina jin ya daɗe a ajiye. Wa ke da sabo a Jidda?